Wa Ya Ƙone Garin? Tarken Fim ɗin Hazon Yaƙi

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda tarke ce a kan wani fim mai suna The Fog of War, wanda za mu riƙa kira Hazon Yaƙi. Wani Ba'amurke mai suna Errol Morris ne ya shirya shi. Ya fito a shekarar 2003, kuma a 2004 ya ci lambar Oska ta finafinan da ke ba da labarin gaskiya. Babu ƴan wasa a cikinsa, babu ƙagaggen labari. Hira ce da mutum ɗaya tak, wato Robert McNamara, tsohon ministan tsaron Amurka, aka haɗa ta da tsofaffin hotunan yaƙi da muryoyin da aka naɗa a fadar shugaban ƙasar.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa ɗalibin harshen Hausa da fim ɗin Turanci a kan jiragen yaƙi? Amsa ita ce, da yawa daga masu karatu a wannan sashe aikin fassara ko na rediyo ke jiransu, labarin yaƙi kuwa galibi ta hanyar fassara yake isowa kunnen Bahaushe. Duk ranar da jirgi ya saki bom a kan mutane, akwai wanda zai zauna ya zaɓi kalmomin da za a ba da labarin da su, ya yanke ko za a ambaci mai aikin ko za a sakaya shi. Fim ɗin nan cike yake da misalan wannan zaɓi.

Abin da takardar ke son nunawa shi ne, McNamara ya amsa laifi ƙarara a yaƙin da ƙasarsa ta ci, wanda a cikinsa ƙaramin jami'i ne, amma ya yi ta kewaye-kewaye a kan yaƙin da ta sha kashi, wanda shi ke riƙe da ragamarsa. Shi kuwa mai fim, duk da gwanintarsa wajen fito da wannan, ya ƙyale mutumin ya fake da mutuwar wani mai ƙin yaƙi ba tare da ya tsare shi da tambaya ba. Za a dubi tauraro, da zubi da tsari, da jigo, da salon sarrafa harshe, sannan a zo ga batun masu ƙin yaƙi.

2.0 Tauraron Fim

An haifi McNamara a 1916, ya mutu a 2009. Ya yi karatun tattalin arziki da na kasuwanci, ya kuma koyar a Jami'ar Harbad. A 1943 ya shiga rundunar sojan saman Amurka, a sashen ƙididdiga. Bai tuƙa jirgi ba, bai saki bom da hannunsa ba. Aikinsa lissafi ne: jirage nawa suka tashi, nawa suka juyo ba su kai ba, nawa aka harbo, ton nawa na bom ya faɗa inda ake so. Da muƙamin laftanar-kanar ya bar soja. Daga nan ya shiga kamfanin motoci na Ford, ya zama shugabansa a ƙarshen 1960. Bai yi wata biyu a kujerar ba shugaba Kennedy ya ba shi ma'aikatar tsaro. Ya riƙe ta daga 1961 zuwa Fabrairun 1968, wato zamanin Kennedy da na Johnson.

Bayan haka ya shugabanci Bankin Duniya daga 1968 zuwa 1981. A zamaninsa ne, a 1974, aka ƙaddamar da shirin yaƙi da cutar makantar nan da ƙudan bakin kogi ke yaɗawa, a ƙasashe 7 na Afirka ta Yamma, ciki har da Nijar da Gana. Jirage ne suka riƙa bin koguna suna feshin maganin tsutsar ƙudan. An kawo wannan tun da wuri ne don kada ɗalibi ya ɗauka dodo ake nazari. Mutum ne mai kaifin basira, wanda ya yi imani cewa duk matsalar da aka iya ƙirga ta za a iya magance ta. Da wannan imani ya yaƙi makanta, da shi kuma ya yi aikin da za a gani a ƙasa.

3.0 Zubi da Tsari

Morris ya yanka fim ɗin gida 11, kowane ya kira shi darasi, ya sa masa take. Mai fim ne ya tsamo waɗannan taken daga cikin hirar, ba McNamara ne ya jera su haka ba. Labarin bai bi jerin shekaru ba. Ya faro daga rikicin makaman nukiliya na Kyuba a 1962, ya koma ƙuruciyar tauraron, ya ratso ta yaƙin duniya na biyu da kamfanin Ford, sannan ya sauka a Biyetnam. Hikimar wannan tsari ita ce, kafin mai kallo ya iso Biyetnam ya riga ya ji yadda mutumin ke magana idan ya saki jiki, saboda haka zai gane lokacin da ya fara taka-tsantsan.

Wata dabarar kuma ita ce na'urar da Morris ya ƙirƙiro, wadda ke nuna fuskar mai tambaya a kan gilashin da ke gaban idon kyamara. Mai amsa yana duban fuskar, sai ya zamana ido cikin ido yake da mai kallo. Ga tsoho ɗan shekara 85 yana nuna ka da yatsa, wani lokaci yana dariya, wani lokaci muryarsa na rawa. Ba a ganin Morris, sai dai jefi-jefi a jiyo muryarsa daga nesa yana jefo tambaya. Kiɗan Philip Glass, mai maimaita kansa kamar ƙugin inji, shi ke ɗinke sassan.

Hoto biyu sun cancanci a ambace su. A na farko, an nuna ƙasar Japan daga cikin jirgi, amma maimakon bama-bamai, alƙaluman lissafi ne ke zuba a kan gari. A na biyu, ana rubuta sunan birnin Japan da kason da ya ƙone, nan take sai a musanya shi da sunan birnin Amurka mai girmansa, Tokiyo ta koma Niyok, haka har birane 67, gudun yana ƙaruwa har ido ya kasa bi. Wannan fassara ce ta haƙiƙa, domin an ɗauko abin da mai kallo bai san nauyinsa ba an mayar masa da shi cikin ma'aunin da ya sani.

4.0 Jigo da Warwararsa

Babban jigon fim ɗin shi ne yadda masu hankali da ilimi ke kai kansu ga aikata ɓarna mai girma, kowannensu yana ganin aikinsa kawai yake yi. An warware jigon ta hanyar yaƙi biyu.

4.1 Daren Tokiyo

McNamara ya fara da labarin jiragen Amurka da ke tashi daga Ingila zuwa Jamus. Ya ce ƙididdiga ta nuna kashi 20 cikin ɗari na jiragen suna juyowa kafin su kai, matuƙan na kawo dalilai iri-iri, alhali tsoro ne, domin a kowace fita ana asarar kimanin kashi 4 cikin ɗari. Wani kwamanda mai suna Curtis LeMay ya ce shi da kansa zai shiga jirgin gaba, kuma duk wanda ya juyo zai gurfana gaban kotun soja. Juyowa ta ragu nan da nan. Tun daga nan mai kallo ya ga yadda aikin ya rabu: mai lissafi ya gano matsala, mai umarni ya magance ta.

A farkon 1945 LeMay ya karɓi jagorancin manyan jiragen nan samfurin B-29 da ke tashi daga tsibiran Mariyana. An ƙera su ne don su saki bom daga can ƙololuwar sama, inda bindigogin ƙasa ba sa kaiwa sosai. To amma iska mai ƙarfi da gajimare sun sa bama-baman ba sa samun masana'antun da ake nufi. Sai LeMay ya sauya dabara. Ya sauko da jiragen ƙasa-ƙasa, tsakanin mita 1,500 zuwa 2,800, ya sa su fita da dare, ya rage musu bindigogi don su ƙara kaya, ya cika su da bama-baman wuta masu ɗauke da nafam, wani abu mai kauri da ake haɗawa da fetur, wanda ke manne wa duk abin da ya taɓa. Gidajen unguwannin talakawan Tokiyo kuwa na katako ne da takarda, a cunkushe.

A daren 9 wayewar 10 ga Maris 1945, jirage 279 suka zuba ton 1,665 na bom a kan birnin. Murabba'in kilomita 41 ya ƙone ƙurmus. Kimanin mutum dubu 100 suka mutu a dare ɗaya, kusan miliyan ɗaya suka rasa matsuguni. Amurka ta yi asarar jirage 14. Wannan ya faru wata biyar kafin bom ɗin Hiroshima.

A nan ne fim ɗin ya kai ƙololuwarsa. McNamara ya ba da labarin cewa LeMay ya taɓa faɗin da sun sha kashi da an gurfanar da su a matsayin masu laifin yaƙi. Ya ce yana ganin gaskiya LeMay ya faɗa, ya kuma sa kansa a cikin lissafin. Sannan ya tambaya, me ke sa abu ya zama laifi ga wanda aka ci, ya kuma halatta ga wanda ya ci? Tambayar tana da tushe a tarihi. A manyan kotunan Nurembag da Tokiyo da aka kafa bayan yaƙin, ba a hukunta kowa saboda ruwan bom a kan birane ba, tun da kowane ɓangare ya yi. Sai a 1977, a ƙarin yarjejeniyar Janiba na farko, aka rubuta ƙarara cewa haramun ne a ɗauki gari sukutum a matsayin wurin hari guda, kuma dole a auna asarar farar hula da amfanin sojan da ake nema. Amurka ta sa hannu a wannan ƙari, amma majalisarta ba ta amince da shi ba.

4.2 Biyetnam

A ranar 2 ga Agusta 1964 jiragen ruwan Biyetnam ta Arewa suka yi arangama da wani jirgin ruwan yaƙin Amurka a mashigin Tonkin. Ranar 4 ga wata aka ba da rahoton hari na biyu. A kan wannan rahoto jiragen sama suka kai farmakin ramuwa, majalisa kuma ta ba shugaba Johnson izinin amfani da ƙarfi ranar 7 ga wata. A cikin fim McNamara ya amsa cewa harin na biyu bai auku ba. Daga Maris 1965 zuwa farkon Nuwamba 1968 aka yi ta ruwan bom a kan Arewa.

Muryoyin da aka naɗa sun nuna mutum mai shakka tun da wuri, domin a Oktoba 1963 an ji shi yana ce wa Kennedy suna buƙatar hanyar fita. A Agusta 1967 ya shaida wa wani kwamitin majalisar dattawa cewa ruwan bom ba zai durƙusar da Arewa ba, a farkon Nuwamba kuma ya rubuta wa Johnson yana ba da shawarar a dakatar da shi. Bayan wata huɗu ya bar ofis da lambar girma a hannu. Bai fito ya yi wa jama'a cikakken bayani ba sai a littafin da ya buga a 1995, shekara 27 ke nan. Fiye da rabin sojan Amurka dubu 58 da suka mutu a yaƙin, bayan tafiyarsa suka mutu. Ƴan Biyetnam da suka halaka kuwa miliyoyi ne.

5.0 Salon Sarrafa Harshe

Ga ɗalibin harshe nan ne cibiyar nazarin. A dubi waɗannan jimloli:

(1) Na ƙone garin.
(2) Mun ƙone garin.
(3) An ƙone garin.
(4) Garin ya ƙone.
(5) Ƙonewar garin ta faru a watan Maris.

Dukkansu za su iya zama gaskiya a kan abu guda, amma nauyin da suke ɗora wa mai magana ba ɗaya ba ne. A (1) mai aiki ya tsaya shi kaɗai. A (2) ya shige cikin taro. A (3) an yi amfani da lamirin nan na "an, aka, ana", wanda wasu masana nahawu ke kira mutum na huɗu, mai kama da "on" na Faransanci: akwai mai aiki, amma ba shi da suna. A (4) aikatau ya zama ƙi-karɓau, mai aiki ya ɓace, kamar gobara ce daga Allah. A (5) aikin kansa ya koma suna, ya zama abin da ake sa wa kwanan wata. Ana iya ɗaukar jimlolin a matsayin matakan tsani, wanda mai magana ke sauka a kai yayin da yake nisanta kansa da abin da ya faru.

Idan aka bi maganar McNamara da wannan tsani, za a ga abin mamaki. A kan Tokiyo ya fara daga mataki na (2), da aikatau mai zafi, ya ce sun ƙone maza da mata da yara. Da Morris ya tambaye shi ko ya san hakan za ta faru, sai ya sauko, ya ce shi wani ɓangare ne na injin da ya ba da shawarar. Amma daga bisani ya sake hawa har kusa da (1), inda ya haɗa kansa da LeMay a laifin yaƙi. A kan Biyetnam kuwa abin ya sauya. Lamirin "mu" yana nan, amma aikatau ya huce: ba "mun ƙone" ba ne, "mun yi kuskure" ne. Da aka zo kan gubar nan da jirage suka riƙa fesa wa dazuzzuka don ganye ya zube, wadda ta bar cututtuka ga mutanen ƙasar da sojan Amurka, sai ya ce babu dokar da ta hana, kuma ba shi da tabbacin shi ya ba da izini, ko da yake a zamaninsa abin ya faru. Wannan mataki na (5) ke nan. Da aka tambaye shi alhakin yaƙin a wuyan wa yake, sai ya ce na shugaban ƙasa ne. A ƙarshen fim, da aka tambaye shi dalilin shirunsa bayan ya bar ofis, da kuma ko yana jin yana da laifi, ya ƙi amsawa. Shi da kansa ya riga ya faɗi ƙa'idarsa, cewa mutum ya amsa tambayar da ya so a yi masa, ba wadda aka yi masa ba.

Mai fassara ya lura da bambancin "kuskure" da "laifi" da "ganganci". Kuskure shi ne a yi nufin wani abu a sami wani. Wanda ya gane hanya ba ta ɓillewa, ya kuma ci gaba da tura mutane a kanta, Bahaushe ba ya kiran aikinsa kuskure. Haka ma sunan fim ɗin. Hazo a wurinmu shi ne ƙurar hunturu da ke rufe ido, har ta hana jirgi sauka a Damagaram ko Yamai. Abin da McNamara ke nufi shi ne yaƙi ya fi ƙarfin hankalin ɗan'adam, ba mai iya ganin komai. Wannan ya dace da daren 4 ga Agusta a Tonkin, inda masu sauraren na'ura suka ruɗe. Bai dace da Tokiyo ba, inda aka san irin gidajen, aka zaɓi irin bom ɗin, aka kuma ɗauki hoto daga baya aka auna abin da ya ƙone. Sunan ya lulluɓe abu biyu mabambanta da mayafi ɗaya, kuma mai fim ya karɓe shi yadda aka ba shi.

6.0 Mai Ƙin Yaƙi a Cikin Fim

Ranar 2 ga Nuwamba 1965 wani mutum ɗan shekara 31 mai suna Norman Morrison ya zo harabar Fentagon, hedkwatar ma'aikatar tsaro, ya tsaya ƙarƙashin tagar ofishin McNamara, ya zuba wa kansa kananzir ya cinna wuta. Ɗan ɗariƙar Kweka ne, wasu Kiristoci da ba su yarda da ɗaukar makami ba. Yana da mata da ƴaƴa uku, kuma ya zo da ƙaramarsu, ƴar kimanin shekara ɗaya. Yarinyar ta tsira, shi ya mutu. A Biyetnam ta Arewa an ɗauke shi gwarzo, har aka buga hotonsa a kan tambarin wasiƙa.

McNamara ya ba da wannan labari da girmamawa. Ya ambaci kiran da matar mamacin ta yi cewa mutane su daina kashe juna, ya ce shi ma ra'ayinsa ke nan, a da da yanzu. To amma a dubi inda aka ajiye labarin. Yana ƙarƙashin darasi na 9 ne, wanda takensa ke cewa mai son aikata alheri wani lokaci sai ya aikata sharri. Ana gama batun Morrison sai magana ta gangara kan ko sharri nawa ya kamata a yi don a kai ga alheri, aka kuma sake kawo LeMay a matsayin wanda ke ƙoƙarin ceton ƙasarsa. Wato mutumin da ya ƙone kansa don a daina ƙona mutane ya zama shimfiɗar hujjar masu ƙonawa. A nan ya kamata a jiyo muryar Morris daga nesa tana tambaya: in ra'ayinku ɗaya, me ya sa jiragen suka ci gaba da tashi shekara uku bayan mutuwarsa? Ba a jiyo ta ba. A ganin mai wannan nazari, wannan shi ne babban raunin fim ɗin.

Wannan ba yana nufin aikin Morrison ya kuɓuta daga suka ba. Ana iya auna kowace irin adawa da yaƙi da tambaya uku: wa zai ɗauki wahalarta, wace gaskiya ta ƙara wa jama'a, wa kuma ta kare? Morrison ya ɗauki wahala mafi girma, amma ba shi kaɗai ya ɗauka ba. Ya bar marayu, ya kuma kai jaririya bakin wuta, alhali ba ta san yaƙi ba balle ta zaɓi ƙinsa. Musulunci ya haramta kashe kai, haka ma koyarwar Kirista, kuma kyawun niyya ba ya goge wannan. Ana iya tausaya masa, a yarda abin da ya dame shi gaskiya ne, ba tare da an mai da shi abin koyi ba. Wata hanyar da adawa kan kauce ita ce ta ƴar wasan fim Jane Fonda, wadda ta je Hanoi a Yulin 1972 aka ɗauke ta hoto zaune a kan bindigar harbo jirage. Ƙin yaƙi daban, zama a kan makamin ɓangare ɗaya daban, kuma ita kanta ta sha bayyana nadamarta a kan hoton.

Akwai mutum biyu da fim ɗin bai kawo ba, waɗanda da su ne za a fi auna shirun McNamara. Na farko matuƙin jirgi mai saukar ungulu ne, Hugh Thompson. Ranar 16 ga Maris 1968, kwana 16 bayan McNamara ya bar ofis, ya hango sojan ƙasarsa suna karkashe mutanen ƙauyen Milai. Ya sauke jirginsa tsakanin sojan da wasu ƴan ƙauyen da ke ɓoye, ya umarci abokan aikinsa su buɗe wuta idan sojan suka harbi mutanen, ya sa aka kwashe su, ya kuma kai rahoto. Mutum 504 aka kashe a ranar bisa ƙidayar Biyetnam. Thompson ya sha tsangwama, sai a 1998 aka ba shi lambar yabo a kan abin da ya yi. Na biyu shi ne Daniel Ellsberg, tsohon ma'aikacin Fentagon, wanda a 1971 ya miƙa wa jaridu wani binciken sirri mai shafi kusan 7,000 a kan yadda gwamnatoci suka yi ta ɓoye wa jama'a gaskiyar yaƙin. An gurfanar da shi, ya fuskanci ɗauri mai tsawo, kafin kotu ta kori ƙarar a 1973. Wanda ya ba da umarnin a rubuta binciken a 1967 kuwa shi ne McNamara.

Waɗannan biyu sun ci tambayoyin nan uku: a kansu wahalar ta faɗa, sun ƙara wa jama'a sani, ɗayansu ma ya ceci rayuka da hannunsa. McNamara yana da hujjarsa, cewa minista ba zaɓaɓɓe ba ne, amanar shugaba ke wuyansa, kuma maganarsa za ta iya cutar da sojan da ke fagen fama. Hujja ce da ba za a yi watsi da ita ba. Sai dai amanar da ya riƙe ta mutum ɗaya ce, wadda ya saki kuwa ta miliyoyi ce, kuma babu wanda maganarsa za ta fi tasa nauyi a 1968. Masu iya magana sun ce shiru ma magana ce. Littafin 1995 kuwa, duk da amfaninsa ga masu tarihi, ihu ne bayan hari.

7.0 Kammalawa

Hazon Yaƙi fim ne da ya cancanci a kalla fiye da sau ɗaya. Ƙarfinsa yana cikin haƙurin mai shi, wanda ya bar mutum ya yi ta magana har harshensa ya nuna inda yake tsoron takawa. Rauninsa ma daga nan ya fito. Murya ɗaya ake ji. Babu wanda ya kwana a Tokiyo a daren 9 ga Maris da aka ba dama ya ce uffan, ƴan Biyetnam kuma ta bakin McNamara ake jin abin da suka ce. Yawancin hotunan harin daga sama aka ɗauke su, saboda haka mai kallo a cikin jirgi yake zaune, ba a ƙarƙashinsa ba. Mai ƙin yaƙi ɗaya tilo da aka ambata da suna kuma an bar wanda ya zo yi wa kashedi ya fassara shi.

Batun bai tsaya a tarihin wasu ba. Ranar 3 ga Disamba 2023 wani jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa na Nijeriya ya saki bom a kan masu taron Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, fiye da mutum 80 suka rasu, rundunar kuma ta amsa cewa jirginta ne, bisa kuskure. Da Hausa yawancin dangin mamatan suka ji yadda duniya ta ba da labarinsu. Mai fassara ba alƙali ba ne, ba shi da ikon ƙara mai aiki inda sanarwa ba ta ambace shi ba. Amma kuma ba shi da ikon sauke jimla daga mataki na (2) zuwa na (4) don ta fi daɗin ji, kuma idan an san wanda ya yi aiki, haƙƙin mai saurare ne a faɗa masa.

Aiki ga ɗalibi: a saurari labaran rediyo na Hausa na tsawon mako guda, a rubuta duk jimlar da ta ba da labarin harin jirgin sama a ko'ina cikin duniya, a nuna matakin da take a kan tsanin da ke sashe na 5.0, sannan a bayyana ko an san mai aikin a lokacin da aka karanta labarin.